Hoton Dutse Mai Sanƙo

Akwai wani akawu da aka yi a Riruwai zamanin da Turawa ke haƙar kuza, wasu shekaru kafin a ba mu mulkin kai. Sunansa Wada. Duk wanda ya zauna garin a lokacin ya san shi, don shi kaɗai ne ɗan ƙasa da ke sa takalmi sau-ciki da safa ko ranar da ba aiki. Mutum ne mai surutu, mai son a gan shi, amma ba shi da mugun nufi ga kowa.

Manajan kamfanin da yake wa aiki wani Bature ne da leburori suka laƙaba wa Mai Lofe, saboda lofen taba da ba ya barin bakinsa. Da lokacin komawarsa gida ya ƙarato, sai ya kira Wada ofis, ya ɗora masa kyamara a kan tebur.

Ku da kuke karanta wannan a waya, kada ku zaci irin taku ce. Baƙin akwati ne kamar tubali. A kan cikin mutum ake dafe shi, a leƙa wani ɗan gilashi ta sama, a riƙe numfashi, sannan a danna. Hoto takwas fim ɗinsa ke ɗauka, kuma in ya ƙare sai an je Jos. Wannan da ke ciki shi ne na ƙarshe a duk Riruwai.

Mai Lofe ya ce, "Sauran hotuna bakwai ka yi abin da ka ga dama da su. Ni dai ka kawo mini babban dutsen nan na bayan gari, da la'asar, sa'ad da rana ke dukan fuskarsa. Ba mutum, ba saniya, dutse kaɗai. In ya yi kyau, hoton nawa, akwatin naka."

Ranar Litinin motar kamfani za ta kai fim ɗin Jos a wanke. Wada ya rataya akwati a wuya ya fito. Kafin magariba babu mai tebur ko mai tsire a garin da bai ji labarin ba, kuma daga bakinsa suka ji.

A wannan makon kuma gidansu na cikin wani sha'anin da ya fi kyamara girma. Mahaifinsu, Malam Sale, ya sayar da shanunsa ya ɗaura niyyar tafiya Makka ta ƙasa, ta Borno, ta Sudan, yadda talakawa ke yi a lokacin. Tafiya ce ta shekaru. Wasu su dawo da furfura, wasu sai dai labarinsu ya dawo. Ayarin zai tashi daga Tudun Wada ranar Litinin ɗin nan, kuma wanda zai raka tsohon shi ne jikansa Inuwa.

Inuwa ɗan Hamidu ne, yayan Wada, manomi mai ƙarancin magana. Uwarsa Saude, Bafulatana ce daga wata ruga kusa da Doguwa, mai sayar da fura da nono. Inuwa shi ne ɗanta na fari, kuma kun san kunyar ɗan fari a wancan zamani. Tun da aka yaye shi aka kai shi hannun kakansa. Saude ba ta taɓa kama sunansa ba. Ba ta zama inda yake, ba ta kallon fuskarsa. In dole ta kama ta yi zancensa sai ta ce "wancan", in kuwa da Wada take magana ta ce "ɗanku". Yaron ya zama saurayi dogo, har ya zama mai tsaron gidan 'yan ƙwallon Riruwai, ita kuwa ko ya ratsa tsakar gida sai ta ga wani abu da ke bukatar gyara a murhu.

Mutum ɗaya ne a gidan Saude ke sakin baki da shi, wato Wada, don ƙanin miji abokin wasa ne. Yana kiran ta Bafulatana, tana kiran sa Akawu.

Ranar Lahadi ba aiki. Samarin Tudun Wada suka zo a bayan babbar mota don su kara da 'yan kuza, aka sa wasan da hantsi saboda su koma tun ido na ganin gari. Malam Sale ya ce bayan azahar kowa ya haɗu a gonar Hamidu da ke gindin duwatsu, yana so ya ƙare wa ƙasarsa kallo kafin ya tafi. Shi ya sa ranar ta zama ta iyali gaba ɗaya.

Wada ya fara ɓarna tun da sassafe. Ya ɗauki babban dutse, alhali gajimare ya rufe masa kai ruf. Ya jingina da motar kamfani, ya sa matarsa Turai ta ɗauke shi yana riƙe da ƙugu. Ta ce hannunta ya yi rawa, ya ce ta sake. Sannan ya nufi wajen mahaifinsa da akwati.

Malam Sale ya ɗaga hannu. "Kawar da abin nan daga kaina. Ni da yaron nan mun riga mun ɗaura niyya. Ba na so a bar surarmu a takarda muna hanyar ɗakin Allah."

"Baba, ai don tunawa ne."

"Wanda zai tuna da mu ya yi mana addu'a."

Wada ya rusuna ya ce to. A gidan nan in Malam Sale ya faɗi magana, ta zauna.

Filin ƙwallo fako ne a bayan barikin leburori, an kafa gora biyu a kowane gefe an gitta ɗaya a sama. Duk 'yan wasan ƙafa ba takalmi. Gari ya fito kaf: leburori Hausawa da mutanen Jos da 'yan kudu, da yara a kan bishiya, da masu rake da masu ƙosai. Aka shimfiɗa wa Malam Sale buzu a inuwa, Hamidu ya zauna kusa da shi.

Saude ma ta zo, wai ciniki ya kawo ta. Ta sauke ƙwaryarta can bayan mutane, ta juya wa filin baya, ta shiga dama fura.

Wada ya ratsa ta gabanta da akwatinsa. "Bafulatana, ƙwallon a bayanki ake yi."

"Ni nono na kawo, Akawu. In za ka saya ka saya, in ba ka da kuɗi ka matsa mini, kana tare mini masu saye."

Aka hura usur. Jama'a, ranar nan Inuwa ya yi tsaron gida. Samarin Tudun Wada ƙarfafa ne, manoma masu ƙwanji, suna dukan ƙwallo kamar da gaba. Ta sama ya cafe, ta ƙasa ya kwanta ya rungume, har ya daki gora da ɗan yatsan ƙafa jini ya fito, bai ko duba ba. Wada kuwa yana can ɗaya gefen, bayan mai tsaron gidan baƙi, yana jiran a ci ya ɗauka. Ya yi ta danna akwati a kan mutane suna gudu, bai san abin ba ya kama mai gudu ba. Da Riruwai ta ci ɗaya ya sake dannawa.

Ana gab da tashi alƙalin wasa ya ba Tudun Wada fanareti. Fili ya yi tsit. Wada ya sheƙo da gudu ya zo bayan Inuwa, ya dafe akwati a ciki. Mai bugu ya ja da baya, ya zo ya narka wa ƙwallo ƙafa, Inuwa ya tashi sama kamar an cilla shi, ya doke ta da hannu ɗaya ta haye gora. Fili ya ɓarke da sowa, ana "Inuwa, Inuwa". Akawunmu ya yi tsalle, ya jefar da hula, ya rungume wani lebura da bai ma sani ba. Sai da ƙura ta lafa ya tuna bai danna ba.

Yana neman hularsa ne idonsa ya faɗa kan Saude. Har yanzu bayanta ne ga fili. Amma ludayi ya tsaya cak a hannunta, nono na zuba a kan zanenta, ga mai saye a tsaye yana miƙo kuɗi ba ta gan shi ba. Sai da aka daina kiran sunan ta ci gaba da damu.

Wada ya buɗe baki zai tsokane ta, sai ya fasa. Ya juya akwatinsa ya leƙa 'yar jar tagar da ke nuna lamba. Hoto ɗaya ya rage.

Bayan azahar suka hau gona. Farkon kaka ne, ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba. Duwatsun Riruwai sun yi kore shar, ruwa na gangarowa ta tsagoginsu fari tas, dawa ta sunkuyar da kai. Wanda bai taɓa tsayawa a wurin nan ya ga ƙasar ta shimfiɗu har Doguwa ba, wallahi an bar shi a baya. Malam Sale ya zauna gindin ɗorawa da carbinsa, yana nuna wa Hamidu iyakar gonaki da wurin da aka binne iyayensa. Turai ta hura wuta tana gasa masara. Saude ta zauna nesa da surukinta, tana rarraba dafaffiyar gyaɗa.

Inuwa ya keɓe can gefe. Ya zauna a kan wani fā, wato falalen dutse, yana ɗaure yatsansa da tsumma. A bayansa akwai wani ɗan tsauni da masu haƙar kuza suka ƙwaƙule tun shekarun baya, ba ciyawa ba itace, ja wur. Yara na kiran sa Mai Sanƙo. A duk duwatsun yankin babu mummuna kamarsa.

Wada ya zaɓi wurin tsayawarsa tun da wuri, ya yi ta kai da kawo yana duban rana. Da la'asar ta yi sakaliya sai gajimare ya yaye. Rana ta daki fuskar babban dutse, ya yi ja kamar tagulla, kowace tsaga ta fito. Har Hamidu da ba ya magana ya ce, "Tabarakallah."

"Kowa ya yi shiru," in ji Wada. "Yau akwatin nan ya zama nawa."

Ya dafe shi a ciki, ya sunkuyar da kai. Sai ya ji an ajiye kwanon gyaɗa kusa da ƙafarsa.

"Akawu," Saude ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Wancan dutsen ya fi kyau."

"Wanne?"

Ta nuna da haɓa, ba ta juya ba.

Wada ya kwashe da dariya. "Mai Sanƙo? Kai, Bafulatana. An ce ku kun san saniya, ashe ba ku san dutse ba. Wannan ko kyauta aka ba Bature ai sai ya mayar."

A ka'ida nan ne za ta rama, ta ce masa mai safa da rani, ko wani abu makamancin haka. Ba ta rama ba. Ta durƙusa tana gyara gyaɗar da ba ta bukatar gyara.

"Ni dai a idona ya fi," ta ce. "Gobe war haka ba za a same shi yadda yake ba."

Wada ya daina dariya. Dutse ina za shi gobe? Ya waiwaya ya dubi Mai Sanƙo, ya ga wanda ke zaune a gabansa, kai a sunkuye, yana ɗaure yatsa.

Nan take ya gane. Matar nan tun da ta haifi yaron ba ta taɓa ƙare wa fuskarsa kallo ba. Gobe zai tafi inda ake shekaru, watakila ma ba dawowa. Ba ta da bakin da za ta ce a ɗaukar mata ɗanta, balle a gaban surukin da ya riga ya hana. Iyakar abin da kunya ta bar mata ta faɗa ke nan, kuma ta faɗe shi ga mutum ɗaya da take iya yi wa magana.

Ya yi tunanin ya kira Inuwa ya tsaya gaban babban dutse, a haɗa biyun. Amma kiran nan kaɗai ya isa ya tona ta a gaban Malam Sale, kuma Mai Lofe ya ce ba mutum. Ya dubi babban dutse. Hasken ya fara janyewa daga gindinsa yana hawa sama. Ransa na son akwatin nan, kada wani ya ce muku ba ya so. Ya riga ya ga kansa ranar Sallah, mutane na layi a ƙofar gidansa.

Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "To, shi ke nan. Matar Yaya ta ce Mai Sanƙo ya fi. Bari in ɗauke shi, in aka wanke ta ga muninsa da idonta, ta daina yi mini gardama."

"Maigida, lafiyarka kuwa?" in ji Turai daga bakin wuta. "Saura ɗaya fa ka ce."

Wada ya juya akwati wajen Mai Sanƙo. Ya taka a hankali yana leƙen gilashi, kamar mai neman inda tsaunin zai fi fitowa, har ya zo kusa da fā. Ya yi gyaran murya. Inuwa ya ɗago kai, rana ta haske masa fuska. Wada ya riƙe numfashi ya danna, akwati ya ce ƙas.

Malam Sale na can gindin ɗorawa ya juya wa wurin ƙeya, yana jan carbi. Saude ta ɗauki kwanonta ta koma wajen Turai. Kafin a gama cin masara, rana ta bar babban dutse.

Washegari aka raka matafiya Tudun Wada. Saude ba ta je ba. Ta aika da ƙullin fura da man shanu, ta ce a ba Malam.

Da hotuna suka dawo daga Jos, Mai Lofe ya baza su a tebur. Ga dutse ba kai. Ga Wada da mota, har biyu. Ga wasu inuwoyi da aka ce 'yan ƙwallo ne. Ga kuma wani saurayi a gaban jan tsauni, shi kaɗai ne ya fito tar, har ana ganin gumi a goshinsa. Baturen ya cire lofe ya ce, "Ina dutsena?" Wada ya ce kuskure aka samu. Mai Lofe bai yi faɗa ba. Ya tura masa hotunan, ya sa akwati da fim a jakarsa, ya tafi da su ƙasarsu.

Garin da Wada ya cika da labari kuwa bai bar shi ya huta ba. Leburori suka sa masa suna Akawu Mai Sanƙo. In ya ratsa kasuwa sai wani ya dafe tubali a ciki ya ce ƙas. Turai ta yi ta mita har ta gaji. Kalma ɗaya ta isa ta wanke shi, har ma a yabe shi, amma kalmar za ta kunyata Saude a bakin gari. Mutumin da bai iya riƙe labarin sabuwar safa ba ya riƙe wannan shekara da shekaru. Ni a nan ne Wada ya fi burge ni, fiye da ranar gona.

Hoton kuwa a tsakar gida ya miƙa mata, a gaban mata. "Ungo dutsenki, Bafulatana. Ki rataya a ɗaki ya riƙa ba ki tsoro."

Ta karɓa ba ta duba ba, ta sa a ƙwarya ta rufe da faifai. "Ko banza ya fi ka gashi, Akawu."

Shekaru suka shuɗe. Wasu alhazai da suka dawo suka kawo labarin Malam Sale ya sauke farali, ya rasu a hanyar dawowa, an binne shi a Sudan. Inuwa kuwa an ce an gan shi yana aikin auduga a can, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Wata rana da rani Saude ta tare Wada a zaure, ta miƙa masa wani abu a naɗe cikin tsumma.

"Akawu, dutsen nan ya lalace. In motarku za ta Jos, ko za su iya gyara shi?"

Ya buɗe ya duba, ya mayar ya naɗe da sauri. Ya san ba mai iya gyarawa, fim ɗin na hannun Mai Lofe. Amma ya kasa faɗa mata. Ya ce zai tambaya, ya kai ɗaki ya adana.

A kakar shekarar nan, ana saura kaɗan Turawa su miƙa mulki, motar Tudun Wada ta sauke wani dogon mutum mai gemu da rawani da akwatin ƙarfe. Sai da ya yi sallama a ƙofar gida aka gane muryar. Gida ya rikice. Hamidu ya shige ɗaki don kada a ga idonsa. Maƙwabta suka cika zaure ana "Alhaji, Alhaji". Saude tana bakin murhu. Inuwa ya je ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ta amsa wa tukunya. Ta dama fura ta ba Turai, ta ce, "A kai wa baƙo."

Da yamma, bayan mutane sun ragu, Inuwa ya sami Wada a ɗakinsa da akwatin ƙarfen nan. Suka yi wa Malam Sale addu'a. Sannan Inuwa ya shiga wasa da bakin tabarma.

"Baffa, na san al'ada ce. Ban ce ta yi laifi ba. Amma duk shekarun nan ina cewa ranar da na dawo ko sau ɗaya za ta ɗago ta dube ni."

Wada ya tashi ya ɗauko tsumman nan ya ajiye masa a cinya.

Inuwa ya warware. Ga Mai Sanƙo nan yadda yake, kowane rami ya fito. Ga fā, ga ƙafa da tsumma a yatsa, ga riga. Amma inda fuska take babu komai sai fari, takardar ta yi laushi ta siɗe, daidai faɗin babban yatsa.

"Ruwa ne ya taɓa shi?"

"Ruwa ba ya zaɓen wuri," in ji Wada. "Hannu ne. Kullum sai an shafa shi. Ka zaci ni na ga kyan Mai Sanƙo ranar nan? Ita ta ce a ɗauka. Kai ne mutum na farko da na faɗa wa, kuma kai ne na ƙarshe."

Alhaji guda da gemunsa ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka, Wada ya bar shi har ya gama. Da ya share ido sai ya jawo akwatin ƙarfe, ya fito da wani abu a cikin jakar fata ya ajiye gaban baffansa. Kyamara ce sabuwa, da fim har ƙulli guda.

"A can Sudan na saya. Malam ne ya sa ni. Ana gobe zai rasu ya ce mini, ranar gona ya ga lokacin da ka juya akwati, ya kau da kai don kada ya hana. Ya ce ka yi asarar abin da kake so saboda ni, kada in zo maka hannu wofi. Shi ya sa na daɗe, Baffa. Sai da na yi noman auduga na tara." Ya dubi hoton. "Bai gaya mini wanda ya roƙa ba."

Wada ya miƙa hannu ya ɗauka. Ya yi ta juya kyamarar a hannu.

Ranar Lahadi ya tattara gidan kaf ya kai su gona. Ya sa takalmi sau-ciki da safa. Da la'asar ta yi sakaliya rana ta daki babban dutse, ya ɗauke shi son ransa, ba mutum, ba saniya. Sannan ya juyo.

"Saura ɗaya na gwaji. Kowa ya tsaya can, ina so in ga girman dutsen a kan mutane. Yaya, tsakiya. Alhaji, dama. Bafulatana, ke ma zo, dutsen nake ɗauka, ba ke ba."

"In dai dutse ne, to," in ji Saude. Ta zo ta tsaya can ƙarshen hagu, bayan Turai, ta gyara mayafi.

Da aka wanko hoton, kowa ya fito yana duban kyamara, an ƙame kamar sojoji. Mutum ɗaya ce kawai ba ta duba ba. Saude ta ɗan karkato kai ta bayan kafaɗar Turai, idonta na kan ɗanta.

Wada ya sa an wanke biyu. Ya ba ta ɗaya a tsakar gida, ya ce ga babban dutse. Ɗayan ya ba Inuwa.

Darasi: Ba kowane mai bukata ne ke iya buɗe baki ya faɗa ba. Wani kunya ce ta ɗaure shi, wani girma, wani talauci. Mai kirki shi ne wanda ya gane roƙon da ba a furta ba, ya biya shi ko da zai rasa abin da ransa ke so, sannan ya rufa wa mai roƙon asiri ko ana yi masa dariya. Allah yana gani, kuma sau da yawa akwai wani a gefe da ya gani ya yi shiru. Ku kuma 'ya'ya, kada ku auna son da iyaye ke muku da abin da bakinsu ya faɗa. Wanda mahaifiyarsa ke raye ya je ya gaishe ta yau, sannan ya tura wannan labari ga 'yan'uwa su ma su karanta.